Shin hostel da bariki abu ɗaya ne?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, an ba ta gado a Amina Hall da ke Samaru. Jiya da yamma na je gaishe da Hajiya mahaifiyata, na shaida mata yarinya za ta zauna a hostel. Ta ce mene ne kuma haka? Ƙanena ya yi caraf ya ce, "Hajiya, kamar bariki ne, kowa da gadonsa." Tana cikin tsinkar zogale, sai ta ture farantin gefe, ta ce muddin tana raye jikarta ba za ta yi zaman bariki ba. Har na baro gidan ranta a ɓace yake. Don Allah masana, daga ina barikin nan ya samo asali, me ya ɓata masa suna haka? Kuma da wace kalma zan fahimtar da ita?

Malam Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Ƙanenka ne ya yi kuskure, Hajiya kuwa tana da hujja. Bariki daga barracks yake, wato mazaunin soja, su ma Ingilishi daga Faransanci suka aro, asalin ma'anarsa bukka ce kawai. Da sojojin Lugga suka ci Kano a 1903, Turawa ba su zauna cikin birni ba, bayan ganuwa suka yada zango, wajen Nasarawa da Bompai. Sannu a hankali sunan ya tashi daga ɗakunan soja ya mamaye duk yankin: ofishin Di'o, gidan saukar baƙi, har mazaunin kuku da boyi da masinja. Can babu idon iyaye, babu na mai unguwa, ga kuɗin albashi, ga giya, ga mata masu zaman kansu. Daga nan aka samu ɗan bariki da barikanci. To wannan ne Hajiya ta ji, ba gado ba.

Hostel kuwa tushensa kalmar Latin ce mai nufin baƙo, kuma tushe ɗaya suke da hotel da hospital, waɗanda muka mayar otal da asibiti. Ka ga dai duk wurare ne da ake karɓar wanda ba ɗan gida ba. Da Hausa masauki ne ya fi kusa da shi.

Ɗan Damagaram:
Mu a Nijar dortoir muke cewa, tushensu ɗaya da dormir, yin barci. Makarantar kwana kuma internat. A jami'ar Yamai cité za ka ji ɗalibai suna faɗi.

Tsohon Almajiri:
Allah gafarta Malam, ni ina ganin an tafi nesa. Kwanan taro ai ba Bature ne ya kawo mana shi ba. Shekara shida na yi ina kwana a zauren malaminmu, mu goma sha uku, tabarma ɗaya mutum biyu, alluna jingine da bango, buhunan kayanmu ne matashin kai. Da hunturu mukan toshe ƙofa da asabari, babba ya kwanta a bakin ƙofa don ƙanana. Kanawa soro suke ce wa zaure. Samarin gida ma da sun tasa can ake mayar da su. Sai dai zaure na maza ne, ba a taɓa kai 'ya mace ba, shi ya sa kalmar ba za ta yi maka amfani wajen Hajiya ba. Ka ce mata ɗakin kwanan ɗalibai mata, shi ke nan.

Baban Hafsa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na koma yau bayan la'asar, na ce Hajiya ɗakin kwanan ɗalibai ne, mata zalla, a cikin makaranta, da mai gadi a bakin ƙofa. Ta yi shiru, can ta ce wa zai riƙa tashinsu sallar asuba? Na ce akwai masallaci kusa, za su ji kiran salla. Ta ce to a turo mata Hafsa ranar Juma'a, za ta daka mata yaji da garin kunu, kuma in saya mata buta tata ta kanta, kada ta je tana aron ta mutane.