Tun da aka sako ƙanina bai ƙara barcin kirki ba: wa ya taɓa gwada ƙarin ruwan ketamin?

Maman Hanif, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, amma don Allah daga wanda ya gani da idonsa. Bara masu garkuwa suka tare motar su ƙanina a hanyar Birnin Gwari, ya yi kusan wata biyu a daji kafin muka haɗa kuɗin fansa. Raunukan jikinsa sun warke, hankalinsa ne har yau bai kwanta ba. Da ya ji babura sun taho a jere sai gumi ya keto masa, ya nemi wurin ɓuya. Ba ya runtsawa sai bayan asuba, kuma da ihu yake farkawa. Shagonsa na Sabon Gari a rufe yake. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce PTSD ne, firgicin da ke bin mutum bayan mummunan tashin hankali, ya ɗora shi a kan ƙwayar magani mai suna sertraline. An samu sauƙi, amma kaɗan. Yanzu ɗan kawunmu ya ce akwai asibitin kuɗi a Abuja da ke ƙarin ruwan ketamin, sau 6 cikin mako biyu, har Baba na maganar sayar da filinsa na Dakace. Abin da ke tsaya min a rai, yaron yana da hawan jini. Akwai wanda ya yi ko ya kai wani? Nawa ne gaskiyar kuɗin?

Hajiya Babba:
Allah sarki. 'Yata, ku dage da azkar na safe da yamma, a riƙa yi masa tofi a ruwa yana sha yana shafawa. Allah ya ba shi lafiya.

Ɗan Kwangila:
Ketamin? Ba ita ce allurar dawaki ba? Ku kawo shi wajen masu hawan sallah a yi masa a sauƙaƙe.

Sista ta Kongo:
Ɗan Kwangila, ba wurin wasa ba ne nan. Likitocin dabbobi suna amfani da ita, gaskiya ne, amma maganin mutane ce tun 1970 da Amurka ta amince da ita don sa barci a tiyata. A ɗakin tiyata nake aiki, kusan kullum muna taɓa ta, don ba ta danne numfashi kamar sauran. Na ciwon damuwa ɗan kaɗan ake sawa, rabin miligiram a kowane kilo na nauyin mutum, a ɗiga a jijiya kamar minti 40. Maman Hanif, tana ɗaga jini da bugun zuciya, dole wani ya tsaya a kansa yana aunawa. Sannan wasu in tana aiki ji suke kamar sun fita daga jikinsu, suna gane-gane. Wanda ya kwana a hannun 'yan bindiga, wannan kaɗai na iya razana shi.

Abu Khalifa:
Ni ku saurare ni, don a gidanmu aka yi. Yayana soja ne, ya yi shekaru a Borno. Da ya dawo ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura, dare kuwa zagaye gida yake da tocila. Mahaifinmu ya rantse ɗansa ba zai taka asibitin mahaukata ba, kada a hana 'yan uwansa mata aure. Sai wani ma'aikacin asibiti da muka sani ya ce yana da allurar ketamin ɗin, wai ita Turawa ke yi wa sojojinsu, zai riƙa zuwa gida. Ranar farko Yaya ya yi barci har azahar, ya tashi ya ci tuwo, ya ɗauki 'yarsa yana mata wasa. Innarmu har kuka ta yi don murna. Ba a yi kwana goma ba komai ya dawo. Aka sake. Daga mako-mako aka koma bayan kwana biyu, daga nan ya gano inda ake sayarwa, ya daina jiran kowa. Kuɗin sallamarsa a nan suka ƙare. Sai fitsari ya fara yi masa zafi, yana fita da jini, ba ya iya zaman sallar Juma'a sai ya tashi ya zaga. Likita ya ce mafitsarar ce ta lalace. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu, kuma ban ga laifinta ba. Shi wancan mutumin har yau muna haɗuwa a masallaci, yana miƙo min hannu. Yaya Maman Hanif, kada ku sayar da filin nan.

Sista ta Kongo:
Innalillahi. Amma Malam Abu Khalifa, abin da aka yi wa yayanka ba jinya ba ce, ganganci ne. Allura a ɗaka, ba awo, ba likita.

Abu Khalifa:
Sista, ku a gadon asibiti kuke ganin mutum na awa biyu. Mu muke kwana da shi.

Ummu Sadik:
Ƙawata ta yi a Abuja, kuma ta ce ta ji daɗinsa sosai. Naira dubu 150 kowane zama.

Baban Zara:
Dubu 150 ina? Ni da na tambaya dubu 80 aka ce min.

Ɗan Kwangila:
Kwalbar fa ba wani tsada gare ta ba. Sauran kuɗin na sanyin ɗaki ne da murmushin mai karɓar baƙi.

Ummu Sadik:
Na manta ban faɗa ba, ita ciwon damuwa ne ya kama ta bayan haihuwa, ba sace ta aka yi ba.

Mai Magani, Samaru:
To ai nan gizo ke saƙar. Harhaɗa magunguna na karanta. Abin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019 shi ne Spravato, ɗan uwan ketamin da ake fesawa a hanci, kuma don ciwon damuwar da ya ƙi jin magani ne, ba don PTSD ba. Na PTSD ƙwayoyi biyu ta amince da su, sertraline da paroxetine. An gwada ketamin a asibitin Mount Sinai na New York, a 2014 da 2021, aka ga sauƙi cikin sauri, sai dai mutanen kaɗan ne kuma bayan makonni ciwon kan dawo. Da aka yi gwaji mafi girma a kan sojojin Amurka, wanda ya fito a 2022, ba a ga ta fi ruwan gishirin da aka ba wasu don kwatance ba wajen rage PTSD. Abin da ya fi ƙarfin hujja shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam, a bi abin da ya faru sannu a hankali har ƙarar babur ta koma ƙarar babur kawai. Ku tambayi likitansa wannan, ko a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

Baban Zara:
Daga nas sai mai kemis. Babu likita ko ɗaya a nan ne?

Mai Magani, Samaru:
Ni ba mai kemis ba ne, Alhaji. Kuma ai wajen likita na tura ta.

Malam Na Ƙofar Doka:
Duk kun bar asali. Daji ba a shiga a fito haka nan, a fara da ruƙiyya. Ban hana asibiti ba.

Maman Hanif, Tudun Wada:
Malam, ana yi tun ranar da ya dawo. Sista, in jinin nasa ya sauka da magani, za a iya yi masa? Kuma wa zan tambaya ko asibitin nan na Abuja yana da likitan ƙwaƙwalwa?

Gwaggon Yara:
Mai Magani, faɗa da baki ba wuya. Ina masanin yake? Ɗiyar ƙanwata da aka sako, mun kai ta wani asibitin gwamnati, aka ba mu ranar dawowa bayan wata uku. Muka koma, aka ce likitan ya tafi Saudiyya. Sabon ya buɗe fayil, ya sa ta maimaita labarin daga farko, ga ɗalibai tsaye a kanta. Tun daga ranar ko sunan asibiti ba ta son ji.

Baban Zara:
Kuma wai Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, aka soke ta 1958. Mu dai a ƙasa ba mu gani ba. A sako mutum, a ɗauki hoto, shi ke nan. Bashin kuɗin fansa da jinya duk a wuyan dangi.

Gwaggon Yara:
Bar ma bashin. Maƙwabta fa? Masu zuwa jaje su zauna su ce sai ta ba su labarin daji, su fita su ce ta taɓu. Wanda ya kawo kuɗin gaisuwarta ma ya aiko a mayar masa.

Abu Khalifa:
Wannan maganar ta mutane ita ta hana a kai yayana asibiti tun farko. Gwaggo, iyayen yaron ne suka janye, ko shi da kansa?