Kwamfutata T430 tana nawa wajen tashi, waifai kuma yana yankewa: me zan fara saya?

MaiBugaFuroje

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san cikin kwamfuta, don kuɗin da na tara abu ɗaya kawai zai iya saya, kuma ba na so in zuba shi inda ba zai yi amfani ba.

Ina da ThinkPad T430 da yayana ya bar mini lokacin da ya koma Abuja da aiki. Da ita nake buga wa ɗalibai furoje da takardun neman aiki a wata 'yar rumfa kusa da Kabuga a nan Kano, da ita nake ciyar da iyalina. Furosesarta i5-3320M ce, RAM ɗinta 4GB, had disk 500GB irin mai juyawa, tana kan Windows 10.

Da safe idan na danna makunni, sai na share rumfa, na jera takardu, na kunna firinta, ita ba ta gama tashi ba. Na duba da agogon waya, minti huɗu da rabi kafin in iya buɗe Word. Bayan ta tashi ma sai ta ƙara wasu mintuna tana wani ƙara ƙiris-ƙiris daga ciki, linzami yana ta juyawa. Jiya wata ɗaliba ta tsaya a kaina da filashinta, ranar miƙa aikinta ce, ina kallon fuskarta tana kallon allon, daga ƙarshe ta ce bari ta leƙa rumfar gaba. Ban ga laifinta ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

Waifai ma yana ba ni wahala. Ina haɗawa da hotsfot ɗin wayata, sai ya yi aiki na ɗan lokaci ya yanke, musamman da rana idan layinmu ya cika. Abin da ya fi ɗaure mini kai, idan ƙanena ya kunna hotsfot ɗin sabuwar wayarsa, kwamfutar ba ta ma ganin sunansa, alhali wayata tana ganinsa tana haɗawa.

Batirin ya daɗe da mutuwa, har na cire shi na ajiye a gida don ya fara kumbura. Da caja kawai take aiki, ana ɗauke wuta take mutuwa nan take. Fanka kuma tana kuka, gefen hagu yana zafi sosai.

Wani mai gyara ya ce in ƙara RAM, wani ya ce in sayar in nemi wata. Ba na so in rabu da ita. Allon rubutunta ya saba da yatsuna, kuma kuɗin wata ba ni da shi. Me zan fara yi?

Ɗan Dakata

Wa alaikumus salam. Malam, 4GB ya yi kaɗan ga Windows 10, Chrome kaɗai zai cinye shi. Kwamfutar tana da gurbin RAM biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a ƙarƙashin allon rubutu, kuma tana ɗauka har 16GB. Ka nemi DDR3 mai lamba PC3-12800 ka ƙara 4GB. Ni da na yi wa tawa haka na ga bambanci.

Tsohon Makaniki

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya buɗa kasuwa. Ka riƙe kuɗinka tukuna, akwai abubuwan da za ka duba yau ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Ɗan'uwa Ɗan Dakata bai yi ƙarya ba, RAM ɗin zai taimaka. Amma a ganina ba shi ne farko ba, kuma bayaninka da kansa ya nuna. Gobe idan ta tashi, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Ka kalli Disk. Ina da yaƙinin za ka ga ya maƙale a 100% na tsawon mintunan nan da kake jira. Had disk mai juyawa faifai ne da allura, kamar garmaho, duk ƙaramin fayil sai allurar ta tashi ta je ta nemo shi, Windows kuma dubban ƙananan fayiloli take karantawa wajen tashi. SSD kuwa, ma'ajiyar da ake sawa a madadin had disk, ba shi da abin da ke motsi, shi ya kamata ka fara saya. A babban fayil yana kai kusan 500MB a daƙiƙa inda had disk yake wajen 100MB, amma a ƙananan fayiloli tazarar ta ninka haka nesa ba kusa ba, kuma can ne kake shan wahala. Gurbin had disk na T430 yana ɗaukar SATA III, saboda haka SSD na inci 2.5 zai yi gudunsa cikakke. Noti ɗaya ne za ka kwance, ka zaro tsohon ka zura sabon.

Wannan ƙarar ƙiris-ƙiris ita ta fi tayar mini da hankali. Duk lokacin da wuta ta ɗauke tana cikin aiki, had disk ɗin yana tsayawa ne ba shiri, kuma ka ce haka take yi kullum. Ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ne. Idan ya nuna shuɗi da Good, da sauƙi. Idan ya nuna rawaya da Caution, to yau ɗin nan ka kwashe ayyukan mutane kafin ka yi komai.

Sai batun da ba wanda ya faɗa maka. A wannan shafin na Performance ka danna CPU ka kalli Speed. Furosesarka ta 2.6GHz ce, tana hawa har 3.3GHz idan aiki ya yi nauyi. ThinkPad na wancan zamanin, idan babu batir a ciki kuma cajar mai 65W ce, da kansu suke danne furosesa zuwa wajen 1.2GHz, don kada ta ja wutar da ta fi ƙarfin cajar. Da gangan aka tsara haka don kariya. Ka juya cajarka ka karanta abin da ke jiki. Idan 65W ce, to tun ranar da ka cire batirin nan kake aiki da ƙasa da rabin ƙarfin kwamfutarka. Caja mai 90W tana warware wannan, batir mai kyau ma haka. Ka yi daidai da ka cire kumburarren, kada ka mayar da shi, kuma kada ka ajiye shi a ɗakin da yara ke kwana ko inda rana ke dukansa. Idan za ka sayi batir ka tafi da kwamfutar a gwada a gabanka ka ga yana caji, domin wannan samfurin yana tantance batir, wanda bai gane ba ba zai yi masa caji ba.

Zafin kuwa ƙura ce. Hunturu nawa ta yi a rumfa ba a buɗe ta ba? Ƙurar tana taruwa bayan fanka kamar auduga ta toshe ƙarafan da iska ke bi. A buɗe, a riƙe fankar da yatsa kada ta juya lokacin hurawa, a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya a shafa sabo, ɗan ɗigo kamar ƙwayar shinkafa. Na sha ganin ana lafta shi kamar man gyaɗa, yawansa ba ya ƙara komai.

Malamar Kimiyya

Salam. Malam, ni batun waifai zan taɓa, don na yi fama da irinsa lokacin da nake shiga darasi ta Zoom.

Hotsfot ɗin ƙanenka da ba ta gani, mai yiwuwa wayarsa tana kan zangon waifai na 5GHz ne, katin waifai ɗinka kuma 2.4GHz kaɗai yake ji. T430 ba kati iri ɗaya aka sa musu ba. Wasu suna da Intel Centrino Advanced-N 6205 mai jin duka biyun, wasu Wireless-N 2200 mai jin ɗaya. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta netsh wlan show drivers, ka duba layin Radio types supported. Idan babu 802.11a a ciki, to katinka ba ya jin 5GHz, amsar ke nan. A 2.4GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, ka ga kuwa a layi irin naku kowace rumfa da hotsfot ko MiFi ɗinta, kowa yana magana a bakin kowa. Shi ya sa da rana ya fi yankewa.

Kafin ka sayi komai, ka shiga Device Manager, Network adapters, ka danna katin sau biyu, a Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tattalin wuta. Ka kuma duba ɗan makunnin waifai da ke gefen kwamfutar, idan ya saki, hannu yana iya gogarsa ya kashe waifai. Sannan ka lura ko yankewar tana zuwa ne lokacin da aka soka filashi ko had disk na waje a ramin USB mai shuɗi, domin USB 3.0 yana tsoma baki cikin 2.4GHz, ni sai da na matsar da wayata ɗaya gefen na samu sauƙi.

Idan za ka canza kati ka yi hattara. Wannan kwamfutar tana karɓar katunan da ke cikin jerinta ne kawai, idan aka sa baƙo za ta tsaya da saƙo mai lamba 1802 ta ƙi tashi har sai an cire shi. Ka nemi 6205 da aka ciro daga wata ThinkPad, mai lambar FRU a jiki, wato lambar kayan gyara ta kamfanin da ya ƙera ta. Ko ka sayi ɗan ƙaramin waifai na USB mai jin 5GHz, shi ba ruwansa da jerin.

Don Allah Malam, ayyukan ɗalibai amana ce. Ka kwafe su wuri na biyu ko da wane launi ka gani a gwajin da Tsohon Makaniki ya ce ka yi.

MaiBugaFuroje

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na jinkirta amsa don in gwada komai tukuna.

Baba Makaniki, kamar kana tsaye a bayana. Disk yana 100% kusan minti bakwai. Speed yana 1.19GHz, ko na buɗe me ba ya motsi. Na juya caja, 65W. CrystalDiskInfo kuma rawaya ya nuna. Gabana ya faɗi sosai, domin akwai furoje goma sha ɗaya a ciki da ba a karɓa ba, har da na wata baiwar Allah da ta kai babi na huɗu kuma ba ta da kwafi ko ɗaya. A daren na ari had disk na waje wajen maƙwabcina na kwashe komai. Fayil biyu sun ƙi kwafuwa, Allah ya taimake ni tsofaffi ne da aka riga aka karɓa. Malama, maganarki ta amana ita ta hana ni barci har na gama.

Washegari na shiga Beirut Road da kwamfutar a jaka. Na sayi SSD mai 256GB, aka gwada shi a gabana. Sauran canjin bai kai batir ba, sai na ba da cajata na cika kuɗi kaɗan na karɓi mai 90W ta hannu. Ana sokawa na buɗe Task Manager a wurin, na ga lambar ta haura 3GHz. Na daɗe ina kallonta. Kusan shekara biyu ina zargin tsufan kwamfutar, ashe a ɗaure take.

Ban kwafi tsohuwar Windows ba, tun da faifan yana da rauni. Na sauke sabuwa a filashi mai 8GB na ɗora, da na haɗa intanet ta kunna lasisinta da kanta. Yanzu daga danna makunni zuwa buɗe Word daƙiƙa ashirin da biyar. An buɗe fanka a gabana, abin da aka ciro ya kai girman babban yatsa, baƙi ƙirin. Kukan ya ragu, zafin ma haka.

Malama, katin 2200 ne kamar yadda kika zata, babu 802.11a. Na cire alamar a Power Management, na mayar da wayata gefen dama nesa da ramukan shuɗi. Jiya sau ɗaya ya yanke duk wunin, a da ya fi sau goma. Ƙanena ya mayar da hotsfot ɗinsa 2.4GHz, nan take ta gan shi. Mai gyaran ya ce zai nema mini 6205 daga wata matacciyar T430 da ke shagonsa.

Malam Ɗan Dakata, RAM yana kaiwa 85% idan na buɗe Chrome da Word tare, saboda haka naka ne na gaba bayan batir, in sha Allahu.

Tambaya ɗaya ta rage. Tsohon had disk ɗin, na ji ana sa shi a gurbin DVD. In yi hakan? Kuma wani ya ce in ɗora Windows 11.

Tsohon Makaniki

Alhamdu lillahi, na ji daɗi ƙwarai Malam. Wanda ya nuna rawaya kada ka ƙara ajiye aikin kowa a kansa. Gurbin DVD ɗin yana karɓar faifai na biyu, amma ka bari sai ka samu lafiyayye.

Windows 11 tana neman furosesar Intel daga zubi na takwas da TPM 2.0, wato guntun tsaro da ke cikin kwamfuta, taka zubi na uku ce mai TPM 1.2. Ana tilasta mata ta hau, amma ba zan ba mai cin abinci da kwamfuta wannan shawarar ba. Sai dai ka sani tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, kai kuma filashin mutane kake karɓa daga safe zuwa dare. Ka bar Defender, manhajar kariya ta Windows, a kunne, ka bincike kowane filashi kafin ka buɗe, kada ka shiga asusun bankinka ta kanta. Batirin nan kuma kada ya wuce ƙarshen wata, SSD ma ba ya son a yanke masa wuta yana cikin rubutu. Idan ka samo 6205 ɗin, ka ɗauki hoton wayoyin eriya biyu kafin ka cire su, ka danna su a hankali har ka ji sun ce ƙas.