Kukan magariba da zafin Garwa: sabon uba yana neman shawara

Sabon Uba, Garwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Mai ɗakina ta dawo daga wankan gida kwana tara da suka wuce, bayan ta cika arba'in a wurin iyayenta, yaron kuma yau kwanansa 49 a duniya. Tun da suka dawo na ɗauki alkawarin cewa ba zan bar mata wahalar dare ita kaɗai ba, amma abin ya fi ƙarfin sanina. Da zarar an kira sallar magariba sai ya fara kuka, ya naɗe ƙafafunsa zuwa ciki, fuskarsa ta yi ja, ba ya lafawa sai wajen ƙarfe goma, ko da ya sha nono ya ƙoshi. Hajiya mahaifiyata ta ce ƙishirwa ce, domin kun san yadda Garwa take a watan Afrilu, ta ce a riƙa ɗiga masa ruwa, a kuma kira wanzami ya duba belinsa. Ba na son in saɓa mata, ba na kuma son in cutar da yaron. Ga shi ɗan fari ne, ina jin nauyin ɗaukarsa a gabanta. Ku taimake ni da abin da kuka gwada da hannunku.

Kawun Yara, Marwa:
Wa alaikumus salam, Allah ya raya mana shi bisa sunna. Ƙanena, na goyi biyar, kuma uku daga cikinsu sun yi irin wannan kukan. Yakan tsananta ne wajen mako na shida, ya fara sauƙi idan yaro ya kai wata uku zuwa huɗu, saboda haka kana tsakiyarsa yanzu. Abin da ya yi mini amfani shi ne, duk lokacin da ya saki nono, in karɓe shi in ɗora a kafaɗata, ƙirjinsa a kan nawa, ina shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama har sai na ji gyatsa. Idan kukan ya ci gaba, sai in kwantar da shi rub da ciki a kan damtsena, kansa a wajen gwiwar hannuna, tafina a tsakanin cinyoyinsa, in fita tsakar gida ina zagayawa a hankali ina karanta abin da ya sawwaƙa da murya ƙasa-ƙasa. Wannan riƙon na lallashi ne kawai. Idan barci ya ɗauke shi, a kan bayansa za ka shimfiɗe shi.
Abu ɗaya nake roƙonka da shi. Akwai daren da kukan zai kai ka maƙura, ka ji ranka ya ɓaci. Kada ka girgiza shi ko sau ɗaya, domin wuyan jariri bai riƙe kansa ba, girgizar tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ka ajiye shi a shimfiɗarsa, ka fita ka yi alwala, ka dawo.

Inna Ungozoma, Gaundare:
Ɗana, barka da ƙaruwa. Maganar ruwa zan fara da ita, domin ita ce ta fi yawa a gidajenmu idan bazara ta shigo. Jaririn da bai kai wata shida ba ba ya buƙatar ruwa, ko da zafi ya wuce digiri 40, saboda mafi yawan nonon uwa ruwa ne. Cikinsa ƙarami ne, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, kuma ruwan randa ko na rijiya shi ne hanya mafi kusa ta gudawa. Wadda za ka ɗora wa ruwan ita ce mahaifiyarsa: ta sha sosai, ta kuma ba shi nono duk lokacin da ya nema, sau 8 zuwa 12 a yini da dare, ko fiye da haka a ranakun zafi.
Idan kana son ka tabbatar yana ƙoshi, ga aikin da ya dace da uba: ka ƙirga kunzugunsa. Idan yana jiƙa shida ko fiye a yini da dare, fitsarin kuma ba ja ba ne, to babu ƙishirwa a tare da shi. Ka sayi ma'aunin zafin jiki a kantin magani ka ajiye kusa da kai. Yaron da bai kai wata uku ba, idan zafinsa ya kai 38, asibiti za a nufa a wannan daren, ba a jira safiya, ba a kuma ba shi ragowar maganin wani. Haka nan idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki ya kasa farkawa sosai, ko idanunsa suka yi ɗorawa irin ta shawara, ko ka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi. Ka buɗe rigarsa lokacin da yake kwance shiru, ka riƙe agogon wayarka, ka ƙirga numfashinsa na minti guda cur. A shekarunsa, 60 ko fiye alamar haɗari ce.
Game da beli kuwa, kowane ɗan Adam da shi aka halicce shi, ba cuta ba ce, kuma ba shi ke sa kuka ba. Na karɓi jarirai da yawa da aka kawo bayan an yanke shi, wasu jini ya ƙi tsayawa, wasu bakin ya kumbura sun kasa tsotso. Ina roƙonka ka tsaya tsayin daka a kan wannan. Sannan ka faɗa mini, an yi masa allurar mako shida?

Sabon Uba, Garwa:
Inna, Allah ya saka da alheri. Ba a yi ba. An yi masa ta ranar haihuwa, wadda ta bar ɗan ƙurji a hannunsa, amma katin asibitin yana can gidan surukaina, an manta shi a hidimar dawowa. Gobe zan hau babur in ɗauko.

Inna Ungozoma, Gaundare:
Ka ɗauko shi, ku je a wannan makon, jinkirin kwana kaɗan ba ya ɓata komai. Ta mako 6 ce ta farko, sai ta mako 10 da ta mako 14, kuma kyauta ake yin su. Ƙurjin hannun na allurar tarin fuka ne, kada a matse shi, kada a shafa masa komai.

Ɗan Kasuwa, Kuseri:
Ɗan'uwa, ni a kan Hajiya zan yi magana, domin na faɗa ramin da kake gudu. Lokacin da aka haifi babban ɗana, kunya ta sa na bar gida da sassafe ranar da wanzami zai zo, na ce wannan sha'anin mata da tsofaffi ne. Da la'asar aka aiko mini cewa jini bai tsaya ba. Na tarar da zanen goyon ya jiƙe, yaron ya yi fari fat, ko kukan ma ba ya iya yi. Kwana huɗu muka yi a asibiti, sai da aka ƙara masa jini. Allah ya tashe shi, amma har yau idan na tuna cewa ina rumfata ina ciniki a lokacin, zuciyata ba ta yi mini daɗi.
Abin da na koya shi ne, ba a cin tsohuwa da gardama, kuma kada ka bar matarka ta zama mai cewa a'a, domin za a ce suruka ta raina uwar miji. Kai ne za ka ɗauki maganar. Ka same ta ita kaɗai bayan sallar asuba, ka gaishe ta, ka gode mata, ka ce kana so ta raka ku awo domin ita ce babba. Idan ta zauna a benci tare da sauran kakanni ta ji bayanin daga bakin malamar asibiti, ta kuma ga allurar sikeli ta nuna jikanta ya ƙaru, da kanta za ta riƙa hana wasu ba shi ruwa. Da mahaifiyata haka aka yi a haihuwa ta biyu.
Ka kuma tuna cewa idan kun sayi takardar kula da mai ciki da haihuwa, wato Chèque Santé, ta sefa 6,000, kulawarta ga uwa da jariri tana ƙarewa ne kwana 42 bayan haihuwa. Ka ware wani abu a gefe na asibiti da na mai a babur, wanda ba a taɓa shi ko don cefane.

Maman Tagwaye, Njamena:
Yaya, ku maza kun yi maganar yaro, bari in yi ta uwarsa. Mai shayarwa tana tashi da yunwa da ƙishirwa a tsakar dare. Kafin ku kwanta ka ajiye mata ruwa da kunun gyaɗa a filas inda hannunta zai kai. Idan ta gama ba shi nonon asuba, ka karɓe shi ka fita da shi, ta samu barcin awa biyu ba tare da kunnenta yana kansa ba. Wannan ya fi mata atamfa. Idan ka ga tana yawan kuka, ko ta daina cin abinci, ko tana cewa ba ta iya komai ba, har abin ya wuce mako biyu, ka kai ta asibiti, kada a ce shagwaɓa ce.
Zafi kuma, a nan Njamena muna shan irinsa. Riga ɗaya ta auduga ta ishe shi, a cire hular ulu da safa. Ina jiƙa zani in rataya a taga, in juya fanka ta fuskanci bango domin iskar ta dawo masa a tausashe. Gidan sauro kuwa kowane dare, ko da ana ganin babu sauro, kuma a rage hayaƙin turaren wuta a ɗakin da yake kwana.
Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ban ce ka yar da ita ba. Kada ka kira sunansa a gaban Hajiya idan hakan ya fi maka, amma a cikin ɗakinka ka ɗauke shi, ka canza masa kunzugu, ya san warin jikinka.

Malamin Firamare, Gidar:
Ban ga wanda ya ambaci takardar haihuwa ba. Kowace shekara muna da ɗalibai masu ƙoƙari a ajin ƙarshe da ke rasa jarrabawar kammala firamare ta CEP saboda ba su da ita. Ka ɗauki shaidar da asibiti ya ba ku ka je ofishin magajin gari tun yaron bai cika wata uku ba, domin idan aka yi sakaci har wa'adi ya wuce, sai an bi ta kotu, da kuɗi da zirga-zirga.

Kawun Yara, Marwa:
Malam ya yi gaskiya. In ƙara da cewa idan damina ta kama, ma'aikata suna bi gida-gida a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ga yara daga wata 3 zuwa 59, wata-wata. Naka zai kai lokacin, ka tabbatar an ba shi na kwana ukun duka. Allurar rigakafin zazzaɓin ma an fara ta a Kamaru tun Janairun 2024, daga wata shida; ka tambaya ko ana yin ta a asibitinku.

Sabon Uba, Garwa:
Iyayena, na dawo da labari. Ranar Alhamis muka je awo, Hajiya ce ta riƙe shi a kan cinyarta aka yi masa allurai a cinya, aka ɗiga masa na baki. An haife shi da kilo 3.1, yanzu sikeli ya nuna 4.8. Hajiya ta tambayi malamar maganar ruwa da kanta, ta saurara har ƙarshe, a hanyar dawowa ba ta ce komai ba, wanzamin dai ba ta sake ambatarsa ba. Jikinsa ya ɗan yi ɗumi a daren, na auna sau uku, bai wuce 37.6 ba, washegari ya warware. Kukan magariba yana nan, sai dai jiya da na ɗora shi a damtse kamar yadda Kawu ya kwatanta, zagaye na bakwai a tsakar gida na ji ya saki jikinsa, yawunsa yana bin hannuna. Kunzugu bakwai na ƙirga. Litinin zan je ofishin magajin gari. Malam, ban da shaidar asibiti da katin ɗan ƙasa nawa da na mahaifiyarsa, akwai wata takardar da ya kamata in riƙe?