Littafin Nancy Drew na farko da na samu: bugun 1930 ne ko kuwa?

Ma'abociyar Karatu:
Assalamu alaikum. Don Allah masana tsofaffin littattafai ku taimaka mini. Makon jiya wani kwafi na The Secret of the Old Clock ya shigo hannuna, littafin farko a jerin labaran Nancy Drew, budurwa mai binciken sirri. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya na fara karanta shi, mai bangon nan ruwan ɗorawa, kuma har yau ban manta faɗuwar gaban da na yi ba lokacin da ɓarayi suka kulle Nancy a cikin kabad. Amma wannan daban yake. Bangonsa na yadi ne shuɗi, rubutun ruwan goro, gefen takardun ya yi ja-ja, yana ƙanshin tsohuwar adaka. A shafin haƙƙin mallaka an rubuta 1930, Grosset & Dunlap. Da ka buɗe bangon za ka ga inuwar Nancy ruwan goro, ta sunkuya da gilashin bincike a hannu. Babi 25 ne, alhali wanda na sani 20 ne. Ba shi da rigar takardar nan ta waje. Na kwana ina juya shi. Bugun farko na riƙe?

Tsohon Mai Tara Littafi:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Kada 1930 ɗin nan ta ruɗe ki. Kamfanin ya yi shekara kusan talatin yana sake buga littafin da wannan shekarar a shafin, bai taɓa canza ta ba sai da aka sake rubuta labarin a 1959. Inuwar da kika gani ita ta ba ki amsa. Kwafin da suka fito a 1930 farar takarda ce fayau a bayan bango, babu zanen komai, sai a 1932 aka shigo da inuwar. Don haka naki ya biyo baya.

Ki ƙirga hotunan ciki. Na farkon shekarun suna da guda huɗu a kan takarda mai sheƙi, zanen Russell Tandy, daga baya aka rage ya koma ɗaya tal a gaba. Ki kuma duba kaurinsa, domin na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sirara ne, takardarsu mara kyau, tana karyewa a baki. Masu tarawa a Amurka da littafin jagora na David Farah suke tantance wannan, shi ya bi bugu ɗaya bayan ɗaya.

Ma'abociyar Karatu:
Na gode Baba. Gaskiya jikina ya ɗan yi sanyi, amma gara da na sani. Abin da ya fi tsaya mini ma shi ne ita kanta Nancy ɗin. A nan shekararta 16, a wanda na sani 18. Tana da kaifin baki, ba ta ɓoye haushin da take ji na 'yan matan gidan Topham, tana tuƙa motarta shuɗiya yadda ta ga dama. 'Yan'uwan nan mata biyu matalauta da marigayi attajiri Josiah Crowley ya yi wa alkawarin gado, Horner suke a nan, ni kuwa Hoover na sani. Kuma labarin ba ya sauri. Ana barin ka ka zauna da tsohuwa Abigail tana ta lalube a ƙwaƙwalwarta kafin ta tuno maganar agogon. Na ji kamar na haɗu da yayar wadda na sani.

Malamar Firamare:
Yaya, wannan ai muryar Mildred Wirt kika ji. Carolyn Keene da ke bango suna ne kawai, babu mai shi. Edward Stratemeyer, mai kamfanin da ya ƙirƙiro jerin, ya tsara ƙashin labarin, ita ta rubuta tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai, aka biya ta dala 125, ba ta da haƙƙin komai bayan haka. Cikin littattafai 30 na farko, 23 nata ne, amma sai a wata shari'a a 1980 sunanta ya fito fili. Shi Stratemeyer ɗin ya rasu a 1930, makonni kaɗan da fitowar littafin, 'yarsa Harriet Adams ce ta jagoranci gyaran 1959.

Sai dai zan faɗa miki, gyaran ba a banza aka yi ba. Ki karanta wurin Jeff Tucker, mai gadin gidan bakin tafki. A tsohon rubutun baƙar fata ne da aka mayar mashayi abin dariya, ana kwaikwayon maganarsa. Ni abin ya sosa mini rai. In za ki ba yaro wannan kwafin, ki zauna kusa da shi a wannan babin.

Tsohon Mai Tara Littafi:
Malama ta yi gaskiya. Ƙari ɗaya: kada ki sa masa salatif ko gam ko da bayan ya fara sakewa, kuma ki nisanta shi da rana da danshi. Rashin rigar ya rage masa daraja sosai a wurin masu saye, domin yawanci ita ake bi da kuɗi. In karatu kike so ba tare da kin wahalar da shi ba, Applewood Books sun sake buga tsohon rubutun a 1991 yadda yake.

Ma'abociyar Karatu:
Na kai babin Jeff Tucker daren jiya, Malama, na ajiye littafin na ɗan jima kafin na ci gaba. Baba, na ƙirga hotunan: huɗu ne cif, duk masu sheƙi, ɗaya ya fara ɓallewa daga ɗinkin. Na bar shi a yadda yake, na naɗe littafin a farin ƙyalle. Sayarwa kam ba na tunani. Yanzu The Hidden Staircase mai babi 25 nake nema, ko da bangon ya koɗe.