Idan ba a iya kutsawa bulokcen, ta ina ake kwashe kuɗin DeFi?

Mai Dankali, Farin Gada:
Salamu alaikum 'yan gida. Harkar dankalin turawa nake yi a nan Jos, kuma tun da naira ta fara zamewa, duk abin da ya rage mini bayan ciniki sai in mayar da shi USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, in ajiye. Yanzu ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'a ya matsa mini in zuba su a wani dandalin DeFi na ba da rance. Wai babu manaja, babu ma'aikaci, manhaja ce ke riƙe da kuɗin, kuma ba mai iya taɓa bulokcen, wato kundin intanet da ake rubuta duk hada-hadar a kai. Amma ni kullum labarin da nake gani shi ne an kwashe miliyoyin daloli. To ta ina suke shiga?

Injiniyan Rikkos:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa maka. Ba bulokcen ɗin, irin su Ethereum, ake fasawa ba. Yarjejeniyar da ke kansa, mai aiwatar da kanta, wato manhajar da ke riƙe da kuɗin, ɗan Adam ne ya zauna ya rubuta ta, kuma abin da aka rubuta take bi, ba abin da marubucin ya nufa ba.

A watan Yunin 2016 aka kwashe ETH, kuɗin Ethereum, wajen miliyan 3.6 daga wani asusun haɗakar jari mai suna The DAO. Manhajar takan fara tura wa mutum kuɗinsa, daga baya ta rage a lissafi. Kamar yaron shagonka ne da ke miƙa kuɗi kafin ya rubuta a littafi: kafin ya ɗauki biro an sake cewa ya bayar, ya duba littafi ya ga har yanzu ana bin sa, ya sake miƙawa. Haka aka yi ta zagaye. Rigimar ce ma ta raba bulokcen ɗin gida biyu, Ethereum da Ethereum Classic.

Wanda ya fi kusa da naka shi ne Euler Finance, shi ma na rance ne. Maris 2023, aka kwashe kusan dala miliyan 197. Sun ƙara wani sashe da ke ba mutum damar kyautar da ajiyarsa ga asusun dandalin, amma ba su sa ya duba ko jinginar da ta rage ta isa rufe bashinsa ba. Wanda ya kai harin ya karɓo rancen ƙiftawar ido, wanda ake ci a biya cikin hulɗa ɗaya ba tare da jingina ba, ya tara bashi, ya kyautar da jinginarsa da gangan har ya zama wanda ya karye, sannan ya zo da asusu na biyu ya saye jinginar kansa a kan ragi. Daga baya ya dawo da mafi yawan kuɗin, amma fa don ya ga dama.

Mai Dankali, Farin Gada:
Ikon Allah. To yaron ya ce wannan an yi masa odit, wato ƙwararru sun binciki manhajar, har ya nuna mini takardar.

Injiniyan Rikkos:
Euler ma an yi masa, ba sau ɗaya ba. Ka ce ya nuna maka ranar odit ɗin da ranar da aka yi wa manhajar gyara na ƙarshe. Nomad, masu gadar tura kuɗi daga wani bulokcen zuwa wani, gyara ne ya kashe su a Agustan 2022: sabuntawa ɗaya ta sa duk saƙon cire kuɗi ya zama kamar an riga an tantance shi. Jama'a suka yi ta kwafe abin da na farko ya tura, su sa adireshinsu kawai, kusan dala miliyan 190 ta tafi. Kuma Alhaji, a nan babu NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, da za ta biya ka ko kwabo.

Ɗan Bukuru:
Ƙari kan bayanin Injiniya. Wani lokacin ma masu dandalin ba su da laifi. A Yulin 2023 wasu rumbunan kuɗi na Curve, wani dandalin musayar kirifto, sun sha kashi saboda matsala a wasu tsoffin nau'o'in Vyper, harshen da aka rubuta su da shi. Makullin da ya kamata ya hana irin abin The DAO ɗin ne bai yi aiki ba.

Maman Ikram, Anguwan Rogo:
Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Alhaji, ribar da za a riƙa ba ka kan rance, mene ne sunanta? Ka fara tambayar malamai kafin injiniyoyi.

Mai Dankali, Farin Gada:
Hajiya kin kawo magana. Zan tambaya bayan Juma'a in sha Allah. Injiniya, a ina ake ganin ranar gyaran nan? Ina so in duba da kaina kafin yaron ya zo hutun ƙarshen mako.