A biya ma'aikacin gwamnati awar da ya bar ofis ya je taimakon matasa?

Malam Habu: Ni na ce a biya, kuma ba sabon abu ba ne. A jihar Florida ta Amurka, ma'aikacin jiha yana da awa 1 a mako, kada ta wuce awa 5 a wata, ya je makaranta ya zauna da yaro suna bitar karatu, ba a taɓa albashinsa ba.

Hajiya Binta: Malam, wa zai zauna a teburinsa? Ka je karɓar takarda, a ce maka mai sa hannu ya fita taimakon matasa, ka dawo gobe. Da harajinmu ake biyan awar nan. Mai neman lada ya nema ranar hutunsa.

Malam Habu: Hajiya, ranar hutunsa ai makarantar ma a rufe take.

Sadiq: A Ingila, jam'iyyar David Cameron, firaminista a lokacin, ta yi alkawari a zaɓen 2015 cewa ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni za su samu kwana 3 a shekara na aikin sa kai ba a taɓa albashinsu ba. Ta ci zaɓe, dokar ba ta fito ba. Kowa ya hango asibiti babu ma'aikatan jinya.

Malama Rabi: Gara ma da ba ta fito ba, ƙanena. Kwana 3 a dunƙule na fentin aji ne da ɗaukar hoto. Yaro ba haka yake sakin jiki ba: makonnin farko kansa a sunkuye, "e" da "a'a" kawai za ka samu. Binciken Grossman da Rhodes na 2002 kan shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, mai haɗa yaro da wani babba ya riƙa kula da shi, ya nuna waɗanda suka shekara da mai kula da su sun fi amfana, waɗanda aka yar kafin wata 3 kuwa ganin ƙimar kansu raguwa ya yi. Yaron da wani babba ya taɓa yi wa alkawari ya saɓa, ka ƙara masa na biyu? In za a bayar, a bayar da awa ɗaya duk mako, da sharaɗin shekara.

Hajiya Binta: To wa zai tabbatar makarantar ya je, ba sabgar gabansa ba?

Malama Rabi: Shugaban makaranta ya riƙa sa hannu. Fashi uku ba dalili, a janye.

Sadiq: Har yanzu ba a amsa mini ba, Anti. Mai aikin ofis zai iya zamewa ƙarfe 11, mai jinya da ɗan kwana-kwana fa?

Malam Habu: A saka musu cikin jadawalin aiki.

Hajiya Binta: Wato a ɗauki ƙarin ma'aikata ke nan. To a fito fili a faɗi nawa zai ci.