Musayar Waƙa: Me Ake Faɗa a Gidan Makoki?

Ƙaramin Fasto, Tawa:
Salamar Ubangiji gare ku. Wata 'yar'uwa a majami'armu, mijinta ya tafi cin rani Libiya kamar yadda samarin Ader suka saba, ya rasu can. Ta waya aka gaya mata, can kuma aka binne shi. 'Ya'yansu uku. Ni aka tura gidan, ga shi ban daɗe da fara kiwon garke ba. Amsa-amon "wa" ne, kowa ya bi.

Na ɗauki Littafi na shiga gidan,
Mata sun cika tsakar gida da gaisuwa.
Tana bakin ɗaki a kan tabarma,
Wayar na hannunta, ba ta ajiyewa.
Ta ce, "Baba Fasto, ina kabarinsa?
Wa ya rufe idonsa ran rasuwa?"
Ayoyin da na shirya tun asuba
Suka tsaya a wuya, ba sa fitowa.
Iyayena da kuka daɗe a aikin,
Me ake faɗa wa mai wannan damuwa?

Dattijon Majami'a, Yamai:
Ɗana, buɗe Ayuba sura ta 2,
Aya ta 13 ta isa dubawa.
Elifaz da Bildad da Zofar sun zo,
Kwana 7 a ƙasa, ba mai tankawa.
Nan ne suka yi aikin aminai,
Da suka buɗe baki sai ɓatawa.
Suka hau tonon zunubin Ayuba,
A sura ta 42 Ubangiji ya yi musu tsawa.
Kada kowa ya ce "da bai tafi ba",
Don 'ya'yansa ya tafi, gudun yunwa.
Zauna kusa, in ta yi kuka bar ta,
Yesu ya yi a Betanya, gaban kowa.

Mai Wa'azi, Konni:
Baba, na ji, amma da sauran zance,
Shiru kaɗai ba ya kashe ƙishirwa.
Marta ta tari Yesu da ƙorafi
Kan ɗan'uwanta Li'azaru da ya kasa tsira daga mutuwa. 
Bai bar ta haka ba, ya ba ta amsa:
Shi ne tashin matattu da rayuwa.
Mu yi baƙin ciki, amma da bege,
Haka Bulus ya gaya wa Tasalonikawa.
Kabarin da ba ta san wurinsa ba,
Ubangiji ya sani, ba ya mantuwa.

Dattijon Majami'a, Yamai:
Gaskiya ka faɗa, ɗan'uwa, lokacin faɗinta nake ja da kai. Kabari ta tambaya, to baitinka na ƙarshe ya ishe ta a yau. Sauran wa'azin ya jira har ta nema.

Uwar Zumuntar Mata, Tawa:
Ku maza kuna ta sura da aya,
Wa ya leƙa madafa ko ana dafawa?
Iliya ya kwanta a jeji ya gaji,
Yana roƙon Allah ya ba shi mutuwa.
Mala'ika ya ce masa, "Tashi ka ci,"
Har sau biyu, da abinci da ruwa.
Ranar farko gidan ba masaka tsinke,
Sati biyu a yi ta watsewa.
Nan ne fa ciwon ke fara cizo,
Kuɗin Libiya sun daina zuwa.
Ga haya, ga lakwal, hatsi ya ƙare,
Ga auta a baya, bai san rasuwa
Ce ta hana babansa kira ba,
Kullum wayar yake ta taɓawa.
Maƙwabtanta Musulmi sun riga mu,
Da kwanon fura suka zo gaisuwa.
Tiya biyu ta hatsi daga kowace mace,
Mu ɗebo ruwa, mu taya ta dakawa.
Zumunta a ƙafa take, ɗana,
Haka "kuka da masu kuka" yake a Romawa.

Mai Jinya, Galmi:
Na yi jinyar mahaifiyata a nan, a likitar da mishan ta SIM ta buɗe a 1950. Abin da na gani ke nan.

Ana addu'a a bakin gado,
Ana kuma allura da auna zazzaɓi, ba tsayawa.
Yaƙub ya ce a kira dattawa,
Su shafa mai, su roƙi warkewa.
Bai ce a zubar da magani ba,
Kada wani ya hana ta haɗiyewa.
In ta daina barci, ta daina ci,
Raka ta likita tun kafin ta kai ga faɗuwa.
Kuma kada ka yi alkawarin da ba naka ba:
Bulus sau 3 ya roƙi a cire ƙaya,
Alheri aka ba shi, ba cirewa.

Gwauruwa, Yamai:
Ɗana, ni na sha wannan ruwan,
Bari in gaya maka ba ɓoyewa.
"Yi haƙuri" na ji shi har na ƙoshi,
Sunan mijina ne ba mai ambatawa.
Wata tsohuwa ta zo ta kira sunansa,
Ta tuna yadda yake waƙa da rerawa.
Ran nan na yi kukan da ya sauke ni,
Na ci tuwo ba tare da an matsa ba, ba turawa.
Ta karanta mini Zabura ta 88,
Wadda ta ƙare cikin duhu, ba wayewa.
Na ce ashe irin kukana
Yana cikin Littafi, Allah na saurarawa.
Ko babu gawa ku yi sujadar tunawa da mamacin a majami'a,
'Ya'yansa su ji ana yabawa.

Ƙaramin Fasto, Tawa:
Na gode, iyayena. Zan tambaye ta ranar da take so a yi sujadar tunawa da shi, da waƙoƙin da ya fi so. Mama, a taron zumunta na wannan sati ki raba wa mata ranakun ziyara har wata uku. Ni da dattawa za mu ga mai gidan haya kafin ƙarshen wata.